Surukina da Ɗan Murjanin Bayan Gida

Ranar Talata da hantsi Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maiɗakina, a wani asibiti kusa da gidanmu a Lanham. Washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Wanda Ya ba mu aronsa shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan Shi Ya karɓi abinsa, gare Shi kuma kowa zai koma.

Na zaci zaman makokin ba zai wuce na mutum ashirin ba, don a sanina Baba ba mai yawo ba ne. Sai ga shi kwana uku falonmu bai yi sarari ba. Takalma sun cika baranda har kan matakala, jiƙe da dusar ƙanƙara. Likitoci da injiniyoyi 'yan Kano da Kaduna sun zo saboda ni da maiɗakina. Amma direbobin manyan motoci, kamiyo in ji su, 'yan Nijar, su fi goma, saboda shi suka zo, kuma rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wani dogo a cikinsu ya bar motarsa a jihar Ohayo ya biyo bas. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Alhaji, ni na wanda ke kiranshi daga Oklahoma." Sai ya juya ya fuskanci bango.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan da ta haura tamanin, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwali a kanta, tana tambaya ko addininmu ya yarda ta shigo. Mata suka kama hannunta suka zaunar da ita. Can ta ce da Turanci, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa in na cika ban ruwa?"

Wan maiɗakina, babban ɗan Baba, ya bugo waya daga Katsina. Bai samu zuwa ba, gawa kuma ba ta jira. Abu ɗaya ya riƙa maimaitawa: "Ya sha wuya? Ka gaya mini gaskiya, ya sha wuya?" Autarmu kuwa, mai shekara goma sha biyu, ta kulle kanta a ɗaki yini guda. Da ta fito ba ta kula kowa ba, ta bi ta ƙofar baya ba ko rigar sanyi, ta je ta tsaya a gangaren bayan gida. Uwarta ta ce a ƙyale ta.

Ina rubuta wannan ne saboda yarana. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke amsawa. Ina so wata rana su zauna su sha wahalar karanta shi, su san wane ne kakansu a harshen da ya yi magana da shi.

Baba malamin daji ne. Shekara talatin da wani abu ya yi yana dasa dogonyaro da turare a garuruwan kan iyaka, yana rigima da masu saran gawo. Bayan rasuwar surukata ciwon zuciya ya taso masa, muka kawo shi a duba shi, da niyyar wata uku. Likitoci suka ce zuciyar tana son a riƙa sa mata ido. Wata ukun nan ne ya zama shekara goma sha ɗaya.

Wanda ya san surukuta ya san irin halin da muka shiga ni da shi. A gida, in na hango shi tafe sai in sake hanya, in kuma gaisuwa ta kama in durƙusa daga nesa. A nan kuwa kicin ɗaya, matakala ɗaya. Shi ya zaɓi ɗakin ƙasa mai ƙofa ta bayan gida don kada mu riƙa karo. In yana da magana da ni, ina tsaye a wurin zai dubi 'yarsa ya ce, "Ki gaya wa maigidan naki famfon nan yana ɗiga." Ni ma in dube ta in ce, "Ki ce wa Baba za a gyara." Ita kuma ta tsaya a tsakiya tana kallon rufi.

Yana da taurin kai, ba zan ɓoye ba. Yakan ɓoye ƙwayar maganin da ba ya so a aljihun jamfa. Bai taɓa yarda cewa tuwon da ake tuƙawa da garin kanti tuwo ba ne, ko da yake yakan cinye ya suɗe kwano. Ya taɓa tsayar da liman a ƙofar masallaci ya ce masa huɗubarsa ta yi wa masu ciwon gwiwa tsawo. Kuma duk inda ya taka ƙasa sai ya sunkuya ya ɗebo, ya murza a yatsu, ya shinshina. In aka ce za a shuka wani abu, tambayarsa ɗaya ce: "Kun tambayi ƙasar?"

Bayan gidanmu gangare ne na jar laka, ƙarƙashin wasu manyan itatuwa da ba sa barin rana ta sauka sosai. Sau uku ina shuka ciyawa tana mutuwa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, lakar sai ta kwararo ta taru a gindin shingen maƙwabciyarmu. Ni injiniyan gine-gine ne, don haka na zana katangar da za ta tare ƙasar, na ajiye zanen ina jiran in sami sarari.

Baba ya ga zanen ya wuce. Wata safiya a watan Nuwamba ya hango wani ɗan itace a ƙarshen filin tsohuwar, wajen bakin kurmi. Duk itatuwa sun zubar da ganye, shi ma ya zubar, amma rassansa cike da 'ya'ya curi-curi, ja mai ɗaukar shunayya, kowane bai kai ƙwayar wake ba. Tsayinsa iya ƙugu, rassan sirara, sun lanƙwaso kamar baka. Ya tsallaka ya gaishe ta da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata, ya tambayi sunansa. Ta ce koralberi, wato ɗan murjani. Ta ce kakarta a wani ƙauye na jihar Bajiniya tana kiransa abincin barewa, don barewar daji na son ganyensa.

Ranar na ga Baba ya shigo da sauri, abin da likita ya hana shi. Ya ce wa 'yarsa, "Ki gaya wa maigidan naki ya dakata da katangar nan. Na ga sabarar ƙasar nan." Ya ce ya tona gindinsa ya gani: yana fitar da yaɗo a kan ƙasa, duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, sabon tsiro ya tashi, saiwoyin su sarƙe kamar raga. Ya ce itacen da ya rayu a inuwar nan cikin lakar nan ba tare da kowa ya ba shi ruwa ba, shi ne zai riƙe gangaren. Na yi murmushi a raina, na ce tsoho ya sami abin ɗebe kewa.

Tsohuwar ta ba shi izini. Ya yanko yaɗo masu saiwa wajen ashirin ya dasa a jere a gangaren, taki biyu tsakani. Shekarar farko kawai ya ba su ruwa. Daga nan ya ce su nemi na kansu.

Sai kuma ya shiga bincike. Yakan hau bas ya tafi laburare ya dawo da takardu a jakar leda. Ya gano cewa itacen ɗan asalin ƙasar nan ne, ba kawo shi aka yi ba, kuma yana fitowa da kansa tun daga jihohin gabas har filayen tsakiyar ƙasa, ya gangara Teksas ya shiga Meziko. Baba bai cika yarda da abin da takarda ta faɗa ba sai an gani da ido. Ya sayo babbar taswira ya manna a bangon ɗakinsa. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya tare direbobin nan 'yan Nijar a harabar masallaci, ya ciro reshe daga aljihu ya nuna musu. Ya ce duk wanda ya gan shi a hanya, a bakin daji ko gefen rafi ko gindin shingen gona, ya kira shi.

Sun ɗauka wasa ne, har ranar da na farko ya kira. Ina kicin na ji muryar a waya, Baba ya ƙure ta saboda kunnensa.

"Baba, ga ni cikin Mizuri, na tsaida kamiyo. Wallahi shina nan, ya cika wurin!"

"Ganyen nasa biyu-biyu ne, suna kallon juna?"

"Awo."

"'Ya'yan a hammatar ganye suke ko a ƙarshen reshe kaɗai?"

"Tsaya in diba. A hammata suke, Baba."

"Shi ne. Allah Ya yi maka albarka. Ka ci abinci?"

Ya ɗauki jan biro ya ɗiga a taswira. Cikin 'yan shekaru tsakiyar taswirar ta yi jajir: Kentaki, Tenesi, Kansas, Oklahoma. Wanda ke zuwa Kalifoniya ya ce da zarar ya haura manyan duwatsun yamma ba ya ƙara ganinsa, Baba ya bar gefen nan fari. A wurin makoki ne dogon nan na Oklahoma ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce maganar itacen minti ɗaya take ɗauka, sauran awa guda ta rayuwa ce. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu a Tawa, takardunsa ba su ba shi damar zuwa ba, yana tuƙi shi kaɗai yana kuka, Baba ne ya riƙa kiransa kullum bayan la'asar har kwana arba'in. Wani kuma ya ce Baba ne ya hana shi sakin matarsa ta waya. Ya ce masa, "Ka kai kayan tukuna, ka yi barci, ka ci mai zafi, sannan ka kira ni mu sake magana."

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi.

A shekara ta uku gangaren ya rufe. A watan Yuli ya yi wasu 'yan furanni masu fari da ɗan kore, da ƙyar ido ke ganinsu, ƙudan zuma ne ke tona asirinsu. Zuwa Oktoba 'ya'ya suka nuna. Wata Asabar da rana maiɗakina ta tafi aiki, ni ina sama ina duba wasu zane-zane, auta kuma, tana da shekara uku a lokacin, tana wasa a bayan gida wurin kakanta. Sai na ji kuka irin wanda uba ba ya mantawa. Na sauko da gudu na tarar da ita tana amai, leɓenta da tafin hannunta sun rine, ga ragowar 'ya'yan itacen a aljihun rigarta. Baba yana riƙe da ita.

Fizge ta na yi daga hannunsa. Ban taɓa kusantarsa haka ba, kuma ban dubi fuskarsa ba. Na karyo reshe ɗaya na jefa a mota muka tafi asibiti, sashen imajensi. Likitar ta duba reshen ta bincika, ta ce 'ya'yan ba na cin mutum ba ne, suna da ɗaci kuma suna ɓata ciki, amma abin da yarinyar ta ci ba zai wuce amai da gudawa ba. Suka riƙe mu awa huɗu suka sallame mu.

Da muka dawo rana ba ta faɗi ba. Na miƙa ta ga uwarta, wadda ta riga ta dawo daga aiki, na wuce gareji na ɗauko adda. Na sare itacen nan kaf, tun daga sama har gindin shinge, ban bar ko kara ɗaya a tsaye ba. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa da carbi a hannu yana kallona har na gama.

Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da maiɗakina zaune a matakalar ɗakin ƙasa. Ta ce Baba ya kira ɗaya daga cikin direbobin ya zo ya ɗauke shi zuwa gidansu da ke Silver Spring, da jakarsa da buzunsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ubana ne, kai kuma mijina ne. Ba zan ce maka komai ba."

Kwana huɗu na yi ina gaya wa kaina ina da gaskiya. 'Yata ce ta kusa halaka, gidana ne, itacen daji ne. Amma kowace safiya in na sauko ba na jin motsin butarsa, auta kuma tana bin ɗaki-ɗaki tana neman kakanta. Ranar Asabar na ɗauki mota.

Gidan bene ne, hawa na bakwai, maza huɗu ke zaune a ɗaki biyu. Sun ba shi gado su suna kwana a ƙasa. Da suka gan ni suka gaishe ni suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya. Na cire hula na durƙusa a bakin ƙofa, na ce, "Baba, na zo neman gafara. Na sare abin da ka sha wahala a kansa, a gabanka, ban ko nemi izininka ba."

Babu 'yarsa a tsakani, dole ya yi magana da ni kai tsaye, kuma wannan ne karo na farko.

"Tashi ka zauna," ya ce. "Kana tsammani fushi na yi?"

Na tashi na koma gefe na zauna a ƙasa.

"Da ba ka sare shi ba, da ni zan sare shi da safe. Amana aka bar mini. Maganin nan sabo da suka ba ni yana sa ni gyangyaɗi, na sani, ban gaya wa kowa ba don kada a ce na tsufa. Na zauna a kujera na ce bari in rufe ido kaɗan. Ni na dasa abin, na san yana da ɗaci, na san ba a ci, kuma na yi barci." Ya kau da kai. "Da wace fuska zan zauna a gidanka ina cin abincinka?"

Na ce, "Baba, ni ma ina gidan. Ina sama ina kallon takarda." Muka zauna haka, shi a bakin gado ni a ƙasa, kowa na share ido yana kau da kai. Can na ce yarinyar ta ƙi cin abinci sai an nemo shi. Ya ce, "Ta warke sarai?" Na ce ta warke. Ya ce in miƙo masa jakarsa.

Da sanyi ya wuce, wajen watan Afrilu, sai ga tsiro ya ɓullo ko'ina a gangaren, ya fi na da yawa. Saiwar tana nan ba ta mutu ba. Baba ya koma tsohuwar hanyarsa, ya ce wa 'yarsa, "Ki tambayi maigidan naki, a tone saiwar ko a bari? Abin da ya ce shi za a yi." Na ce a bari. Na sayo katako da waya, muka kewaye wurin da shinge iya ƙirji, ni ina bugawa shi yana riƙe mini sanda. Ya zaunar da auta a cinyarsa ya nuna mata, ya ce, "Wannan abincin tsuntsaye ne. Su ma ba sa taɓa shi sai ƙarshen sanyi, in komai ya ƙare." Ta ce masa da Turanci ai ta riga ta sani, ba daɗi. Ya yi dariya har da tari.

Laka ba ta ƙara gangarawa shingen tsohuwar ba. Zanen katangata yana nan a aljihun tebur.

Bayan mijin tsohuwar ya rasu, Baba ya ɗauki kula da filinta ba tare da kowa ya sa shi ba. Duk ƙarshen Fabrairu, kafin sabon ganye ya fito, zai shiga da almakashinsa ya rage tsofaffin rassan ɗan murjanin, ya ce a sabon reshe yake yin 'ya'ya. In ta ga wani fari-fari kamar toka a ganyen ta tsorata, sai ya ce mata cunkoso ne, iska yake so, kuma ta daina jiƙa shi safe da yamma kamar alayyafo. Sukan zauna a barandarta, ita da kofin shayinta shi da goronsa, ta ba shi labarin gonar taba ta kakanta, ya ba ta labarin rairayin da ya cinye wata rijiya a Jibiya. Ban san rabin abin da kowannensu ya fahimta ba.

A sanyin bana zuciyar ta gaza. Kwana tara ya yi a asibiti. Ana jibi zai rasu, da rana, ya dubi maiɗakina ya ce ta je ta nemo masa ruwan zafi. Ga ruwan zafi a fulas a gefensa, amma ta gane, ta fita ta ja ƙofa.

Ya yafito ni da hannu. Na matso na durƙusa a gefen gadon.

"Yayanta ba zai iso ba," ya ce. "Kada ku ajiye ni a firji kuna jiran kowa. Inda na faɗi nan za a sa ni."

"Baba, Allah zai ba da sauƙi."

"Zai bayar, ta hanyar da Ya so. Ka saurara. Kai za ka wanke ni."

Mutumin da ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai a gadon asibiti. Na ce, "Baba, akwai liman, akwai waɗanda suka saba. Ni ban taɓa yi ba. Kuma ni..."

"Na san ko kai wane ne. Liman ya tsaya ya nuna maka. Hannunka nake so." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "A ƙasan jakata akwai ƙulli a cikin safa. Garin magarya ne. Daga gida na zo da shi, ni na tsinko ganyen da hannuna a bayan gidanmu. Ka zuba a ruwan."

Ashe tun ranar da ya sauka a ƙasar nan, da muke ta cewa wata uku, shi ya riga ya shirya.

Ranar Laraba da safe na shiga ɗakin wankan da ke bayan masallaci, ni da liman da ɗaya daga cikin direbobin. Na kwance ƙullin. Garin ya dushe saboda daɗewa, amma da na kaɗa shi a ruwa ya yi kumfa, ƙanshinsa ya tashi, ƙanshin da na rabu da ji tun ina yaro. Liman yana faɗa ina yi. Na fara da dama. Na wanke hannayen nan masu kanta, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na zaci kunya za ta hana ni. Ba ta hana ba. Da muka gama muka sa shi a likkafani, liman ya ce wanda ya fi kusa da shi ya ɗaure ƙullin kai. Na waiga ina neman wanda ake nufi. Su biyun suna kallona.

Na ɗaure.

Ya Allah, baƙonKa ne ya zo, ya yi tafiya mai nisa. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda ya manta, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya shi a inuwar da ba ta gushewa. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, Ka haɗa mu da hannun da zai wanke mu da tausayi.